Lemar Bakin Fili

Yayana mai walda ne, kuma da ya tsaya a kan waldarsa da yanzu yana da gidan bene. Hannunsa na da kyau. Ƙyauren da ya haɗa, sai dai gini ya rushe ya bar shi a tsaye. Amma Allah ya jarrabe shi da ƙwallo. Ba bugawa ba, don tun yana yaro yake jan ƙafar dama, so yake ya ga ana bugawa a ce tasa ce. Ni ce autarsu, kuma in aka cire matarsa ba wanda ya kai ni shan wahalar wannan jarrabar, saboda haka in na faɗa da zafi a yi mini uzuri.

Da yaran shagonsa ya fara kulob ɗin, a wani fili da ke bayan tsohuwar ma'ajiyar katako. Duk wani ƙarfe da ke filin nan hannunsa ne: turakun raga, bencin 'yan canji, katangar kwano da ta kewaye wurin, da ɗan dandamalin 'yan kallo da ke kuka in mutane suka miƙe gaba ɗaya. Da tsokana mutane suka fara ce masa Ciyaman, shi kuma ya karɓa da gaske. Yanzu ko matarsa in ranta ya ɓaci da sunan take kiransa. Ni aikina a bakin ƙofa yake. Ranar wasa in kafa tebur, in ajiye gwangwanin kuɗin shiga, in zauna ƙarƙashin wata katuwar lema mai ratsin ja da fari wadda shi ya haɗa mata ƙafa da guntun bututu. Na fara aikin ban san me ake kira ofsayid ba. Yau in alƙalin wasa ya yi kuskure daga bakina yake fara ji.

Muna rukunin ƙasa ne, inda ba albashi sai kuɗin mota da na sabulu, kuma ba wata yarjejeniya da za ta riƙe yaro. Duk wanda ya ga dama ya ɗauki jakarsa ya tafi. A rukunin da ke sama da mu abin ba haka yake ba. Can in babban kulob yana son ɗan wasanka dole ya zauna da kai ya biya. Ga kuma wani mai kamfanin fenti da ya yi wa Yaya alkawari a gaban mutane cewa ranar da muka hau zai sa sunansa a jesinmu ya ɗauke mana nauyin tafiye-tafiye. Mataki ɗaya tal Yaya yake nema, kuma a kan matakin nan gashin kansa ya yi fari.

Abin da ke hana mu hawa kowa ya sani. Da mun yi yaro mai kyau sai a zo a ɗauke. Golanmu na farko, dogo mai hannu kamar faranti, ana tsakiyar kakar wasa aka tafi da shi, aka aiko wa Yaya da buhun ƙwallaye da godiya. Wata shekara muna saman tebur aka kwashe mana biyu a mako ɗaya, muka ƙare a tsakiya. Yaya ba ya zagin yaran. Har tasha yake raka su, ya cusa musu wani abu a aljihu, ya dawo shago ya saukar da tabarau a fuska ya yi ta walda ba ya magana da kowa. Masu zuwa ɗaukar yaran su yake zagi. Shirwa yake ce musu. Cewa yake shi ke kiwo, shi ke ba da tsaba, su kuma suna sama suna shawagi.

Shagon ne ke ciyar da kulob. In aka ba shi aikin tagogi, kuɗin kafin alƙalami su tafi hayar mota, sai an dawo a fara neman na ƙarfe. Injinan walda uku ne da shi, a hankali suka zama biyu, suka zama ɗaya. Matarsa ta daina faɗa, ta koma yi masa kallon da ya fi faɗa ciwo. Ni ban daina ba. Na ce masa mutum mai 'ya'ya mata a makaranta bai kamata yana saya wa 'ya'yan wasu takalmi ba. Ya ce in bari mu hau, kowa zai ga amfanin abin. Kullum amsar ke nan, ko ciwon kai ka ce kana yi zai ce ka bari mu hau.

Ana cikin haka Tsinke ya zo. Uwarsa ce ta kawo shi koyon walda, siriri, wuya dogo, in ya ɗaga guduma sai ka ji tausayin gudumar. A walda bai tsinana komai ba. Amma ranar da aka rasa mutum aka sa shi a gaba, ni da ke bakin ƙofa sai da na bar gwangwani na miƙe. Yaron ba ya gudu da yawa, ba ya ɗaga kai, sai dai kawai ka ga ƙwallo a raga kana tambayar na kusa da kai yaya aka yi. Mutane suna ta ihu. Na duba Yaya, sai na ga shi kaɗai ne ba ya murna. Waige-waige yake yi, yana duba fuskokin 'yan kallo ɗaya bayan ɗaya.

A makon ya kira ni da Koci cikin shago, ya kashe janareto don mu ji shi da kyau. Koci tsohon ɗan wasa ne da gwiwa ta kashe wa kasuwa, malamin makaranta ne da safe. Yaya ya ce ya gaji da kiwo wa shirwa. Ya ce ni na fi kowa sanin masu shigowa, na san kowa da uwarsa, kuma baƙon da ya zo ɗaukar yaro ba ya ɓoyuwa: takalminsa tsaf, da wuri yake zuwa don ya ga motsa jiki, ba ya neman ragi a ƙofa, kuma ko an ci ba ya ihu. In na ga irinsa in rufe lema. Koci na hango lema a rufe ya mai da Tsinke baya, ya hana shi tsallake tsakiyar fili. Baƙo ya zauna ya ga siririn yaro yana share ƙwallo, ya tashi ya tafi. Ranar da ba baƙo a sake shi ya ci mana.

Koci ya ce wannan ba ƙwallo ba ce, kuma za mu zubar da maki. Yaya ya ce gara mu zubar da maki da mu zubar da yaron. Na ce yaron fa, haƙƙinsa fa? Ya ce ba hana shi tafiya zai yi ba, jinkirta shi zai yi. In mun hau, a sa hannu a yarjejeniya, duk mai so ya zo ya biya, yaro ya samu, uwarsa ta samu, kulob ya samu. Da ya faɗa haka sai abin ya yi kama da hankali. Yaya ya iya jera magana kamar yadda ya iya jera ƙarfe, sai ka koma gida kake gane inda bai haɗu ba.

Haka muka yi ta yi. An gaya wa Tsinke dabarar wasa ce, ya ce to. Yaro ne mara yawan magana, in ka ce ya koma baya sai ya ja safarsa sama ya koma. Ni kuwa na zama gwanar kallon takalmi. Na sha zama cikin rana tsirara, lema a naɗe a gefena, mutane suna tambaya ko lalacewa ta yi. Sau ɗaya na rufe ta a kan wani bawan Allah da ashe surukin alƙalin wasa ne, muka tashi canjaras da kulob ɗin da ko jesi iri ɗaya ba su da shi. Ranar Koci ko sallama bai yi wa Yaya ba.

A kakar da ta wuce wani mutum ya fara zuwa, gajere mai furfura a gemu, da hular hana sallah da takalmi ruwan ƙasa da ke ƙyalli. Ba ya zama a dandamali, a bayan raga yake tsayawa ya harɗe hannu. Na rufe lema. Bayan mako biyu ya dawo, na rufe. Ya sake dawowa. Har ya saba da ni, in ya miƙo kuɗi ya ce Hajiya yau ma rana za ki sha? In ce likita ne ya ce in riƙa sha. Duk zuwan da ya yi, a ɗan baya yake ganin Tsinke, kuma duk zuwan da ya yi ko dai mu yi canjaras ko mu ci da ƙyar. Yaya ya rame. Ya ce mutumin ya ji labari ne, yana jiran ranar da za mu yi sakaci. Ya ce za a ga wanda zai fara gajiya.

Duk da makin da muka zubar, sai ga mu a wasan ƙarshe muna na biyu, kuma da na ɗaya za mu buga a filinmu. In mun ci mun hau. Canjaras nasu ne. Kafin nan akwai wasannin waje biyu masu nisa da ba mu da kuɗin zuwa, kuma in ba ka je ba a ƙwace maki. Wata safiya na biya shago na tarar ana ɗora injin walda na ƙarshe a bayan akori-kura, da janareton. Wanda ya saya tsohon yaronsa ne da ya buɗe nasa shagon, yana ta sunkuyar da kai don kunya. Na ja Yaya gefe na ce ya haukace ne? Me yara za su ci? Idonsa ja, irin jan da wuta ta bar masa, ya ce mai fenti ya ce mako ɗaya bayan mun hau zai ba da kason farko, zai fanso injin. Na ce in ba mu hau ba fa? Ya taya su ɗaure igiya.

Ranar wasan tun kafin azahar mutane suka fara cika. Ban taɓa ganin gwangwanina ya yi nauyi haka ba. Dandamali yana ta kuka, yara sun hau katangar kwano, matar Yaya da ba ta taɓa taka filin ba ta zo ta zauna kusa da ni. Ina cikin ba da canji na ga takalmi ruwan ƙasa a gaban tebur. Ya biya, ya gaishe ni, ya wuce bayan raga.

Ban rufe lema ba. Na aika a kira mini Yaya, ya zo yana jan ƙafa da sauri. Na ce ga mutuminka can, amma yau ba ranar wannan wasan ba ce, a saki yaro ya ci mana, in ya so gobe a ɗauke shi.

"In ya gan shi yau, kafin a buɗe rajistar 'yan wasa ya tafi da shi," in ji Yaya. "In hau ba Tsinke, da wa zan zauna a can? Shekara ɗaya a dawo da ni?"

"Ka fara hawa tukuna, Yaya. Ba ka da inji."

"Rabin lokaci kawai, Auta. Mutumin ba ya kaiwa ƙarshe, kin sani. Da ya tafi a sake shi."

Na ce ba da hannuna ba. Sai ya miƙa nasa ya rufe ta da kansa. Daga can na ga Koci ya tsaya cak yana kallon lemar, ya cire hularsa ya buga a cinya, sannan ya kira Tsinke.

Abin da ya biyo baya ba na son tunawa. Su canjaras suke nema, suka koma gida suka tare, mu kuma wanda zai buɗe su yana tsaye a bayanmu yana gadi. 'Yan gabanmu suka yi ta dukan iska. In suka kawo hari kuwa, Tsinke ne ke tarewa, ba gudu ba faɗuwa, kafin ƙwallo ta iso yana wurin. Mutane suka fara kiran sunansa, suna zagin Koci, wani ya jefo masa robar ruwa. Aka tafi hutu ba ci. Mutumin bai tafi ba. Aka dawo, yana nan a harɗe da hannu kamar an dasa shi. Yaya yana tsaye a gefen benci, ido ɗaya a fili ido ɗaya a bayan raga, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Matarsa ta kama hannuna ta matse har sai da zobe ya shige mini.

Lokaci ya kusa ƙarewa na kasa daurewa. Na miƙe na buɗe lemar da ƙarfi, na ɗaga ta sama da ƙafarta duka ina girgizawa. Koci bai ko dubi Yaya ba, ya yi wa Tsinke hannu. Cikin ɗan abin da ya rage yaron ya hargitsa su. Ya ba da ɗaya aka zubar. Ya buga ɗaya gola ya ture. Ta ƙarshe ya juya a bakin akwatin gola ya sake ta, gola ya tsaya yana kallo, ƙwallo ta daki turke ta dawo. Ƙarar ƙarfen har bakin ƙofa na ji ta. Turke ne mai kauri, Yaya bai yi ha'inci a ƙarfensa ba. Aka busa tashi.

Fili ya watse, 'yan ɗaya kulob ɗin suna rawa a tsakiya, namu suna kwance a ƙasa. Mai fenti ya fita ta gabana yana waya, bai ko kalli inda Yaya yake ba. Ina tattara tebur sai ga mai takalmi ya nufi benci, na bi shi. Ya miƙa wa Yaya hannu da ladabi, ya yi masa jaje, ya ce daga wani babban kulob yake, kuma yaron nan siriri yake so. Yaya ya ce ai mintocin ƙarshe sa'a ce kawai, yaron ba ɗan gaba ba ne.

"Na sani," in ji mutumin. "'Yan gaba sun yi mana yawa, ba mu da inda za mu sa su. Ɗan baya aka aiko ni nema. Ranar da na fara zuwa wucewa kawai nake, da a gaba na gan shi da ban dawo ba. Wa ya koya masa tsayuwa haka?"

Koci ya juya ya shige ɗakin canja kaya. Yaya ya zauna a bencin da ya haɗa da hannunsa, a hankali, kamar tsoho.

Washegari Tsinke ya zo shago da uwarsa yin sallama. Shagon fayau, sai guntayen rodi da tabon mai a inda janareto yake zama. Uwar ta yi ta godiya tana hawaye, ta ce ba don Ciyaman ba da yaronta yana nan yana gararamba. Yaya ya kasa ɗaga kai. Da ta fita, ya ce wa yaron akwai maganar da yake so ya gaya masa game da mai da shi baya da ake yi. Tsinke ya durƙusa, yana wasa da igiyar takalminsa.

"Baba, na san lemar," ya ce. Bai taɓa ce masa Baba ba sai ranar. "Tun mako na uku duk yara sun sani. Na yi kuka a gida. Daga baya na ga duk ranar da baƙo ya zo a baya zai gan ni, sai na ce to bari ya ga wani abu. Kullum in an tashi nakan tsaya Koci ya nuna mini."

Ba da gori ya faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ciwo. Yaya ya laluba aljihu kamar yadda ya saba yi wa kowane yaro mai tafiya, ya laluba ɗayan, bai sami komai ba. Tsinke ya yi kamar bai gani ba. Wannan karon ko tasha Yaya bai je ba. Bayan wata guda aka aiko da buhun ƙwallaye da jesi saiti ɗaya.

Yanzu a shagon tsohon yaronsa yake aiki, ana biyansa a kan abin da ya haɗa, da injin da yake nasa ne a da. Yaron har yanzu Oga yake ce masa, yana ba shi kujera, shi kuwa ya fi son a daina. 'Yarsa ta biyu ta zauna a gida zango guda saboda rashin kuɗin makaranta. Na ɗauka ya haƙura da ƙwallo, na ma fara gode wa Allah. Da kaka ta zagayo sai ga shi a ƙofar gidana ya ce in fito da tebur. Na yi masa tas, na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa babba ba. Ya tsaya ya ji duka. Sannan ya ce akwai wani yaro mai ƙafar hagu, in zo in gani kawai. Na je, don in ban je ba wani zai sa a ƙofa ya cinye ɗan abin da ake samu, kuma don shi ne ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu.

Yaron ya iya, ba ƙarya. A wasa na uku ina zaune ƙarƙashin lema Yaya ya zo ya tsaya kusa da ni, abin da ba ya yi. Sai ga wani dogo da farin takalmi, ya biya bai nemi ragi ba, ya shige. Na ga idon Yaya ya bi takalmin. Na ga hannunsa ya taso. Na riga shi kama ƙafar lemar da hannu biyu.

"Wannan ɗin kaɗai, Auta," ya ce, murya ƙasa ƙasa. "Shi kaɗai ya rage mini."

Na ce wallahi sai dai ya karya ni. Ya ja, na riƙe, mutane suna wucewa suna kallon tsofaffi biyu suna kokawa da lema. Sai bututun ya ɓalle daidai inda ya haɗa shi shekarun baya, lemar ta kife a kan tebur, gwangwani ya faɗi, tsabar kuɗi ta watse a ƙasa. Muka tsaya kowa da guntu a hannu. Ya juya nasa yana duba bakin karayar da babban yatsa, irin duban da yake yi wa kowane ƙarfe.

"Ba komai," ya ce. "Kawo, in mun tashi in biya shago in liƙe miki."

Ya miƙo hannu, sai ya tsaya. Na ga lokacin da ya tuna shagon ba nasa ba ne. A cikin fili aka busa farawa, yaron mai ƙafar hagu yana gaba, baƙon yana jingine da katanga yana kallonsa. Yaya ya durƙusa da ƙafarsa mai ciwo ya fara tsince mini kuɗin daga cikin ƙasa.